Shigo da kaya ta fot ɗin Legas: matakan kwastam a sabon tsari, daga Fom M har tirela ta kama hanyar Arewa

Assalamu alaikum 'yan uwa 'yan kasuwa na Agege da Idi-Araba da Alaba Rago da Mile 12, da na gida Kantin Kwari da Singa da Ƙofar Ruwa waɗanda kayansu ke sauka Apapa ko Tin Can kafin su hau tirela. Maganar fitar da kaya daga fot nake so mu yi, domin daga 2023 zuwa yanzu abubuwa sun canza ba kaɗan ba, amma da yawanmu har yau tsohon lissafi muke yi, wato ka saro kaya a Chaina ko Dubai ka loda, in jirgi ya iso sai ka kira ejen ka ce masa Alhaji ga kaya nan fa, ka san yadda za ka yi. Wallahi wannan hanyar tana cinye jarin mutane. A yau yawancin aikin kiliyarin, wato fitar da kaya daga hannun kwastam, a kan takarda ake gama shi tun kwantena ba ta hau jirgi ba, kuma duk abin da aka rubuta yana nan ajiye a kwamfuta da sunan mai kayan.

Ga abin da ya canza a taƙaice. A watan Afrilu 2023 marigayi shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar hukumar kwastam, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar CEMA da aka gada tun 1958. A watan Yuni na shekarar aka naɗa Bashir Adewale Adeniyi shugaban hukumar, kuma a wannan watan ne babban banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Daga nan sai aka kawo sabuwar manhajar kwastam mai suna B'Odogwu, aka fara gwada ta a tashar PTML ta Legas a watan Oktoba 2024, sannan a 2025 ta isa Apapa da Tin Can ta karɓi aikin tsohuwar manhaja NICIS II. An sha kukan matsalar netwok lokacin sauyin, gaskiya ne, amma babu alamar za a koma baya. Ga kuma shirin taga ɗaya ta ƙasa da shugaba Tinubu ya ƙaddamar a watan Afrilu 2024, wanda manufarsa ita ce takardun kwastam da hukumar abinci da magunguna NAFDAC da hukumar ingancin kaya SON da sauransu duk su bi ta ƙofa guda.

Mataki na farko, ka tsaya da sunanka

Kafin komai ka yi rajistar kamfani ko sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni CAC, ka karɓi lambar haraji TIN, ka buɗe asusun banki da sunan kamfanin, sannan a yi maka rajista a shafin kwastam da wannan TIN ɗin da imel ɗinka da lambar wayarka, naka na kanka, ba na yaron ejen ba. Hukumar haraji FIRS ta koma NRS daga Janairu 2026 bisa dokokin harajin da aka sa wa hannu a watan Yuni 2025, to ka tabbata bayananka sun yi daidai a can, domin in sunan da ke CAC ya saɓa da na TIN ko da harafi ɗaya ne, kwamfuta tana iya ƙin karɓa.

Na san abin da wasu za su ce, ai ejen yana da kamfani, da sunansa ake shigo mana da kaya tun zamanin iyayenmu. To ɗan uwa ka sani, wanda sunansa ke kan takardar lodin jirgi, wato BL, shi ne mai kaya a idon kamfanin jirgi da idon kwastam. Akwai wani bawan Allah ɗan kasuwar yadi da na sani a nan Legas, kwantenarsa ta iso lafiya lau amma aka riƙe ta, dalili kuwa kamfanin da aka yi amfani da sunansa ana bin sa bashin duti na wata kwantenar daban da shi bai ma san da ita ba. Yana tsaye a bakin get da rasit ɗin kuɗin da ya tura Gwangzu a cikin waya, yana nuna wa duk wanda ya tsaya, amma babu takarda ko ɗaya a cikin fayil ɗin da ke ɗauke da sunansa. Sai da ya biya bashin wani sannan ya ga kayansa. Abin ya daɗe yana damuna, don kuɗin rajistar CAC bai kai ko kuɗin ajiyar kwana biyu da ya biya ba.

Mataki na biyu, ka san kayanka kafin ka tura ko sisi

Kowane kaya a duniya yana da lambar da kwastam ke gane shi da ita, lambar HS. Shida na farko iri ɗaya ne a duk ƙasashe, Najeriya kuma tana cika ta zuwa 10. Wannan lambar ce ke faɗin dutin da za ka biya, domin tun 2015 muna bin jadawalin bai ɗaya na ECOWAS mai hawa biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Kusan dai kayan masarufi na jin daɗin jama'a suna 0, ɗanyen kayan masana'anta da injina suna 5, kayan da aka fara sarrafawa suna 10, gamammun kaya na sayarwa suna 20, sai waɗanda ake son kare masu yin su a gida suna 35. Wasu kayan kuma akwai ƙarin haraji na musamman a kansu bayan dutin, irin su motoci da shinkafa da sukari. Kar ka dogara da lambar da mai sayar maka ya rubuta a inbois, wato takardar farashin kaya, shi lambar da za ta sauƙaƙa masa fita daga ƙasarsa yake nema. Ka duba jadawalin a shafin kwastam kai da ejen ɗinka.

In kayan mai rikitarwa ne, misali na'urar da fitila ce kuma rediyo ce kuma tana cajin waya da sola, akwai tsarin da kwastam suka fito da shi a 2024 na yanke hukunci tun kafin a shigo da kaya. Za ka rubuta musu da cikakken bayani da hotuna, su ba ka amsa a rubuce cewa ga lambar da kayan ke ƙarƙashinta, kuma wannan amsar hujja ce a hannunka ranar duba kaya. Mutanenmu ba su cika amfani da shi ba, a ganina kuwa duk mai shigo da kaya iri ɗaya a kai a kai ya kamata ya nema.

Sai jerin kayan da aka haramta. Daskararrun kaji, gwanjo, tsofaffin tayoyi, taliya, siminti na buhu, tsofaffin firij da na'urar sanyaya ɗaki, maganin sauro na igiya, da wasu magunguna irin su farasitamol, duk suna ciki. Mota kuma tun Janairu 2017 aka hana shigo da ita ta kan iyakar ƙasa, haka ma shinkafa ba ta shigowa ta boda. In ejen ya ce maka zai iya wucewa da irin waɗannan, fasa-ƙwauri yake gayyatarka, kuma kai za a nema.

Daga nan ka tambayi kanka, wace hukuma ce ke da ruwa da kayana? Kayan lantarki, tayoyi sababbi, kayan gini, kayan wasan yara da makamantansu na SON ne, kuma takardunsu biyu ne da mutane ke yawan rikitawa: satifiket na samfurin kaya da ake buƙata wajen buɗe Fom M, wato fom ɗin da ake bayyana kayan da za a shigo da su, da satifiket na SONCAP na wannan lodin da ake buƙata wajen fitar da PAAR, wato rahoton kimanta kaya na kwastam. Duka biyun daga can ƙasar da aka sayo kayan ake fara aikinsu. Abinci, magani, man shafawa, turare da sinadarai na NAFDAC ne, hajiyoyinmu masu saro kayan kwalliya ku lura da wannan. Iri da tsirrai da kayan dabbobi na hukumar NAQS ne. Waya da makamantanta sai samfurin da hukumar sadarwa NCC ta amince da shi. Jirgi marar matuƙi, oba-oba da duk abin da ya yi kama da kayan jami'an tsaro kuwa sai da takarda daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Mataki na uku, Fom M

Hausawa suka ce tun ran gini tun ran zane, to Fom M ita ce ranar ginin. Ta bankinka ake buɗe ta a intanet, kuma ƙa'ida ita ce a buɗe ta a amince da ita kafin a loda kaya. Za ka haɗa da inbois na farko da mai kaya ya aiko mai ɗauke da cikakken bayani, sunan kaya, iri, yawa, farashin kowane ɗaya, kuɗin jirgi daban, ƙasar da aka ƙera, tashar da za a loda da tashar da za a sauke. Za ka haɗa da inshorar kaya daga kamfanin inshora na Najeriya wadda ta rufe kashi 110 na kuɗin kaya da na jirgi, da takardun hukumomin da na ambata. Fom M iri biyu ce, akwai wadda ta bankin za ka sayi dala, akwai wadda kai ka nemo dalarka. Tun watan Oktoba 2023 babban banki ya ɗage takunkumin nan na kaya 43 da aka hana wa dalar banki tun 2015, amma a kula, ɗage wannan bai halatta abin da ke jerin haramcin kwastam ba, abu biyu ne daban.

Da zarar an amince, ka tura wa mai kayanka lambar Fom M ka ce ya rubuta ta a kan inbois na ƙarshe da BL da jerin kayan da ke cikin kwantena. Kuma ka roƙe shi ya turo maka daftarin BL ka karanta kafin a buga na gaske. Ka karanta da kanka, harafi harafi. Gyaran BL bayan jirgi ya tashi kuɗi ne da dala da ɓata lokaci.

Mataki na huɗu, lissafi

A nan nake so in daɗe, don a nan ne ake shan kuka. Kwastam suna lissafin duti a kan kuɗin kaya haɗe da kuɗin jirgi da inshora, wato CIF, bayan an juya shi zuwa naira da farashin dalar da ke kan manhajarsu. Kafin Yuni 2023 wannan farashin yana wajen naira 422, zuwa Fabrairu 2024 ya haura 1,500. Ma'ana wanda ya saba biyan miliyan 3 a kwantena sai ya tarar ana neman sama da miliyan 10 a kan kaya iri ɗaya ba tare da an taɓa kason duti ba. Saboda koken da aka yi ne babban banki ya fitar da sanarwa a watan Fabrairu 2024 cewa a riƙa amfani da farashin ranar da aka buɗe Fom M. Duk da haka shawarata, ka yi lissafinka da farashin da ya fi tsada tsakanin na ranar buɗe Fom M da na ranar biyan duti, in aka samu rangwame alhamdulillahi.

Bari mu yi misali da tsarin da aka saba da shi shekara da shekaru. A ce kuɗin kayanka a bakin jirgi can, wato FOB, naira miliyan 33 ne, da jirgi da inshora ya zama miliyan 40, kuma kayan suna hawan 20 cikin ɗari. Duti miliyan 8 ke nan. Sai ƙarin kashi 7 na dutin, 560,000. Sai harajin ECOWAS rabin kashi ɗaya na CIF, 200,000. Sai kuɗin duba kaya CISS kashi 1 na FOB, 330,000. Sai a tattara duka waɗannan da miliyan 40 ɗin, ya zama miliyan 49 da 90,000, a lissafa harajin VAT kashi 7.5 a kai, wato 3,681,750. Jimla abin da za ka biya kwastam ya kama 12,771,750. Ka ga kayan da aka ce maka dutinsu 20 cikin ɗari ne, a aljihunka sun tashi kusan 32.

Sai maganar kashi 4 na FOB da ta ta da ƙura. Yana cikin dokar 2023, sashe na 18, a matsayin kuɗin gudanar da hukumar. An fara karɓarsa a watan Fabrairu 2025 aka dakatar cikin 'yan kwanaki, aka dawo da shi a watan Agusta da bayanin cewa zai maye gurbin kashi 1 na CISS da kashi 7 da hukumar ke cira a matsayin kuɗin tara haraji, ba ƙarin kashi 7 na dutin da ke misalinmu ba, sai kuma ministan kuɗi na wancan lokacin Wale Edun ya ba da umarnin dakatar da shi a watan Satumba 2025. A misalinmu na sama kashi 4 na miliyan 33 shi ne miliyan 1 da 320,000, a maimakon 330,000. Tun da yana cikin doka, ka riƙa ware masa gurbi a lissafinka, kuma ranar da za ka biya ka sa a buga maka takardar kimantawa daga manhaja ka ga layi layi abin da aka caje ka.

Kuma fa wannan na kwastam ne kawai. Akwai na kamfanin jirgi, na tashar da aka ajiye kwantena, kuɗin ajiya na kwantenar da sai ka mayar da ita babu kaya za a dawo maka da shi, ladan ejen, lebura, da kuɗin mota. Hukumar tashoshin ruwa NPA ma ta ƙara kashi 15 a kuɗaɗenta a 2025. Duk wannan ka zuba shi a kan kowane katan kafin ka yi wa abokin cinikinka na Kano alkawarin farashi.

Maganar rage kuɗin inbois don a biya duti kaɗan, don Allah mu bari. Bayan haramcin ƙarya a ciniki da muka sani a addini, kwastam suna da bayanan farashin da wasu suka shigo da irin kayanka, in naka ya yi ƙasa sosai za su ɗaga shi su aiko maka da takardar neman ciko, kwantena kuma tana zaune kuɗin ajiya yana hawa. Kuma ko bayan kaya sun fita an sayar, doka ta ba su damar biyo ka su binciki littattafanka. In kuwa da gaske ka sayi kayan da araha ne, hujjarka ita ce shaidar tura kuɗi ta banki da ta yi daidai da inbois, shi ya sa tura kuɗi ta hannun ɗan canji ba tare da wata takarda ba yake raunana ka ranar jayayya.

Mataki na biyar, PAAR

Jirgi na tashi ka karɓi takardun ƙarshe: inbois, jerin kaya, BL, takardar shaidar ƙasar da aka ƙera kayan, da SONCAP ko izinin NAFDAC. Ka kai banki su tura wa kwastam a fitar maka da PAAR, rahoton da ke nuna lambar HS da kuɗin da kwastam suka amince da su. Jirgi daga Chaina yakan yi sama da wata a ruwa, wannan lokacin na neman PAAR ne. In akwai abin da ba ka yarda da shi ba a ciki, yanzu ne lokacin ƙorafi, kaya suna kan teku babu mai cajin ka ko kwabo.

Mataki na shida, cikin fot

Ka ɗauki ejen mai lasisin kwastam, ka ga lasisin da idonka, ka san ofishinsa, in ɗan ƙungiyar ANLCA ne ko NAGAFF ya fi, don akwai inda za ka kai ƙara. Ku rubuta yarjejeniya, ladansa daban kuɗin gwamnati daban. Shi zai shigar da bayanin kaya a manhaja, abin da suke kira SGD, a fitar da kimantawa, kai kuma ka biya dutin da kanka a banki da sunan kamfaninka ka riƙe rasit. Kar ka yarda da cinikin dunƙule, wato kawo miliyan kaza in fito maka da kwantena, domin ribar mai irin wannan cinikin tana cikin abin da ya ƙi biyan gwamnati ne.

Bayan biya kwamfuta ce ke zaɓa wa kaya layi. Kore su wuce, shuɗi su wuce a bincika daga baya, rawaya a duba takardu, ja kuma a duba kayan kansu, ko ta sikana ko a buɗe. In buɗewa ce ka je ko ka tura wanda ka yarda da shi. Za a sauke kwantenar a filin duba kaya, a karanta lambar hatimin ƙofa a gwada da ta kan BL kafin a yanke shi, lebura su yi ta fito da katan-katan suna jerawa a rana, jami'i riƙe da jerin kayanka yana sa a farke wannan a farke wancan, na bakin ƙofa da na can ƙurya. A nan ne katan biyar na turare da wani ɗan uwa ya roƙa a saka masa a lungu suke tsayar da kwantenar takalma gaba ɗaya. Ka ɗauki hoton hatimin kafin a yanke, ka tsaya har a mayar da kaya a rufe a sa sabon kwaɗo.

Tun kafin a gama wannan a riƙa biyan kamfanin jirgi a karɓi takardar sakin kaya, a biya tasha, a shirya mota. Motocin Apapa da Tin Can tun Fabrairu 2021 da manhajar Eto suke samun izinin shiga, ka tambayi direba ko yana da tikiti kafin ka ba shi kafin alƙalami. Kwanakin kyauta da kamfanin jirgi da tasha ke bayarwa kaɗan ne, bayan su demorej, wato kuɗin jinkirin mayar da kwantena, da kuɗin ajiya kullum suke hawa, kuma hawan yana ƙaruwa in an daɗe. Doka ta ba da kwana 30 a fitar da kaya, bayan haka sun shiga sahun waɗanda suka wuce wa'adi, sai da izini na musamman, in aka ci gaba da sakaci har gwanjonsu ana iya yi. Manyan masu shigo da kaya da takardunsu ke da tsabta su nemi shiga tsarin amintattun 'yan kasuwa na AEO da aka ƙaddamar a watan Fabrairu 2025 don maye gurbin tsohon layin gaggawa, yana rage tsayawa sosai.

Mataki na bakwai, hanya

Fita daga get ba ta hana jami'an sintiri na kwastam tsayar da mota a hanyar Ibadan ko Jebba ko Mokwa. Ka ba direba kwafin SGD da rasit ɗin duti da PAAR da takardar fita a cikin leda, na asali su zauna a hannunka, hotunansu kuma a waya. Wanda kasuwarsa ke Arewa ya yi tunanin tashoshin tudu, ta Kaduna da aka buɗe a 2018, ta Dala a Kano a 2023, da ta Funtuwa a 2024. In kana son kayanka su wuce can a duba su a can, tun a Fom M da BL ake rubuta tashar a matsayin inda kaya za su sauka. Ga kuma tashar Lekki da ta fara aiki a 2023, ka tambayi kamfanin jirgi ina zai sauke, don kuɗin mota daga Lekki daban yake da na Apapa.

Masu ƙaramin jari da ke haɗa kaya a kwantena ɗaya ana cajinsu da awon girman kaya CBM ko kilo, ku nemi rasit mai bayanin kayanku da lambar kwantena, ku kuma tambayi me da me kamfanin ba ya ɗauka. Tun 8 ga Satumba 2025 kayan da kuɗinsu bai wuce dala 300 ba, na saƙo ko na oda ta intanet ko na jakar matafiyi, ba a biyan duti a kansu, amma sau huɗu kawai a shekara, kuma bai shafi haramtattun kaya ba. Mai fita sari ta filin jirgin Murtala Muhammed da kuɗin da ya haura dala 10,000 kuma dole ya bayyana wa kwastam, fom ne kawai za ka cike, rashin cikewa ne ke jawo a ƙwace kuɗin a kai mutum kotu.

In fitar da kaya za ka yi

Wannan ɓangaren ya fi shafar mutanen Dawanau masu riɗi, zoɓo, citta da ƙaro. Za ka yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya NEPC, ka buɗe fom ɗin fitar da kaya NXP ta bankinka, ka biya kuɗin duba kayan fitarwa NESS rabin kashi ɗaya na FOB, a duba kaya a ba ka takardar shaida, yawancin aikin kwastam na fitarwa a Legas kuma a Lilypond da ke Ijora ake yin sa. Kuɗin kayan dole su dawo asusunka na dala cikin kwana 180 daga ranar BL, kuma tun Janairu 2025 babban banki ya daina ƙara wa'adi, saboda haka kar ka ba baƙon mai saye bashi mai tsawo.

Inganci shi ne ke kashe mu a waje. Tarayyar Turai ta hana waken Najeriya shiga tun 2015 saboda sinadarin dichlorvos, irin wanda ke cikin fiya-fiya da ake zuba wa wake a sito. Riɗinmu ana tsananta bincikensa a Turai saboda ƙwayar salmonela, wadda shanya a ƙasa inda kaji da awaki ke bi take jawowa. Ka kai samfur ɗakin gwaji kafin ka cika kwantena, ka shanya a kan tamfol, ka auna laima, ka shimfiɗa takarda a bangon kwantena ka rataya buhunan tsotse raɓa. Ka kuma bi labarin gida, a watan Agusta 2025 gwamnati ta hana fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya na wata shida farat ɗaya, waɗanda suka riga suka tara ta a sito su suka ji a jikinsu.

Amurka kuwa a watan Afrilu 2025 Trump ya sanar da harajin kashi 14 a kan kayan Najeriya, a watan Agusta ya zama 15, wa'adin AGOA na wancan lokacin, wato dokarsu ta rangwamen haraji ga kayan Afirka, ya cika a 30 ga Satumba 2025, sannan daga 29 ga Agusta 2025 suka soke sassaucin ƙananan saƙonni na ƙasa da dala 800, abin da ya taɓa masu aika huluna da kaftani da turaren wuta ga 'yan uwa a can. Dokokinsu suna ta juyawa har kotuna sun shiga ciki, don haka ka sayar a kan FOB, ka rubuta a yarjejeniya cewa harajin shiga ƙasarsu na wuyan mai saye ne.

Kasuwar da nake ganin ya kamata mu buɗe ido a kanta ita ce ta Afirka. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka, AfCFTA, a Yamai a watan Yuli 2019, lodin farko a ƙarƙashinta ya tashi daga Apapa a watan Yuli 2024, a watan Afrilu 2025 kuma aka wallafa jadawalin rangwamen harajinmu a hukumance. Rangwamen na kayan da aka noma ko aka ƙera a Afirka ne, kuma sai da takardar shaidar asalin kaya, kayan Chaina da aka sauya wa kwali ba sa ciki. Akwai kuma tsarin PAPSS da wasu bankunanmu ke ciki, wanda za ka karɓi kuɗinka da naira mai saye ya biya da kuɗin ƙasarsa, ka tambayi bankinka. Masu kai kaya Kwatano da Lome da Akara ta Seme suna da tsarin sassauta harajin ciniki ETLS na ECOWAS, wanda a ƙarƙashinsa amfanin gona da dabbobi da aikin hannu ba sa buƙatar takardar asali, kayan masana'anta kuwa sai kamfanin da samfurin sun samu amincewa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a 29 ga Janairu 2025, ECOWAS ta ce a ci gaba da mu'amala da kayansu a tsohon tsari har sai an sanar da wani abu, ƙasashen uku kuma a watan Maris 2025 suka sa nasu harajin rabin kashi ɗaya a kan kayan da ke shigo musu daga waje. Duk mai lodi zuwa Maraɗi ko Ƙonni ya kira ejen ɗinsa na Jibiya ko Illela ya ji abin da ake karɓa a wannan makon kafin mota ta bar Legas.